Namiji Ma Yana Da Lokacinsa: Magana Kan Shekaru, Haihuwa Da Ajiyar Maniyyi



Akwai wani labari da ke yawo a wayoyinmu, cewa a Turai da Amurka wasu maza 'yan shekara 30 zuwa 40 suna biyan kuɗi a daskarar musu da maniyyinsu a ajiye, don tsoron kada shekaru su rage masa inganci kafin su shirya yin iyali. Duk majalisar da aka kawo zancen dariya ake yi. Wani ya ce abin Turawa ne. Wani ya ce ai namiji ba ya tsufa, ga Alhaji wane can ya yi suna yana da shekara 70.

Mun san batun yana da nauyi a baki, kuma mun taso cikin kunya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ra'ayinmu shi ne: ajiyar maniyyi abu ne da zai amfani mutane kaɗan a cikinmu, amma tsoron da ya kai waɗancan mutane gare ta yana da tushe, kuma ya shafe mu duka. Haihuwar namiji tana raguwa da shekaru, tana kuma lalacewa da cuta. A yankinmu cutar takan riga shekarun yin ɓarna, sannan idan aka ga shiru sai a ɗora wa mace laifi.

Abin da shekaru ke yi wa namiji

Gaskiya ne namiji ba kamar mace ba ne. Ita ana haihuwarta da adadin ƙwayayenta, kuma akwai lokacin da al'ada ke ɗaukewa, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55. Shi kuwa marainansa suna ci gaba da ƙera sababbin ƙwayoyin maniyyi har tsufa, kowane zubi yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya nuna. Daga nan ne karin maganar "namiji ba ya tsufa" ta samu gindin zama.

Sai dai injin da bai tsaya ba, ba lallai ne yana niƙa kamar ranar da aka sayo shi ba. Daga wajen shekara 40, yawan ruwan maniyyi yana raguwa, ƙwayoyin da ke ciki suna rage kuzarin iyo, sinadarin mazakuta da ake kira testostaron yana sauka da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Sakamakon shi ne ciki yakan daɗe kafin ya shiga, ko da matar yarinya ce, kuma yiwuwar ɓari yana ƙaruwa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Tunda jikin namiji kwafar ƙwayoyin gado yake yi a kai a kai, kowace kwafa tana iya zuwa da ɗan kuskure. A 2012 masu bincike a ƙasar Aisilan suka wallafa a mujallar Nature cewa duk shekara ɗaya da uba ya ƙara, yana miƙa wa ɗansa ƙarin sababbin sauye-sauye kusan 2 a ƙwayoyin gado. Uba ɗan shekara 20 yana miƙa kusan 25, ɗan shekara 40 kusan 65. Galibin waɗannan sauye-sauye ba sa cutarwa, amma kaɗan daga ciki suna yi. A 2018 kuma likitocin Jami'ar Stanford a Amurka suka duba bayanan haihuwa sama da miliyan 40 na shekarun 2007 zuwa 2016, suka ga cewa jariran da ubanninsu suka kai shekara 45 sun fi fuskantar zuwa bakwaini da kusan kashi 14 cikin 100, idan aka kwatanta da na iyaye matasa.

Kada wannan ya firgita kowa. Mafi yawan 'ya'yan dattawa lafiya lau ake haihuwarsu, kuma da yawa daga cikinmu 'ya'yan tsufa ne. Abin da alƙaluman ke nunawa kawai shi ne haɗarin yana hawa sannu a hankali, kuma namiji yana da kaso a ciki.

Yadda abin ke fitowa a gidajenmu

A wurinmu batun yana da fuska biyu. Ta farko ita ce ta magidanci mai shekara 55 ko 60 da ya ƙara aure. Shekara ɗaya, biyu, amarya shiru. Nan take hujja ta tsaya a kanta: ai shi yana da 'ya'ya goma da uwargida, don haka matsalar ba daga gare shi take ba. Babu mai tsayawa ya lissafa cewa autansa ya kai shekara 12, kuma a tsakanin nan ciwon suga ko hawan jini ya kama shi. Sai a fara kai yarinya gidan masu magani, a sha jiƙe-jiƙe, a yi hayaƙi, a zargi kishiya da asiri, a ce aljani ya aure ta. Ƙarshe a sake ta da sunan juya. Sau nawa muka ga irin wannan yarinya ta yi wani aure, kafin shekara ta zagayo tana goye?

Fuska ta biyu ita ce ta samarinmu. Tsadar lefe da gida da rashin aikin yi sun sa da yawa, musamman waɗanda suka yi karatu suka tafi Damaturu, Kano ko Abuja neman abin yi, ba sa aure sai sun haura 35, wasu 40. Su ne suka fi kama da mutanen da labarin ya ambata, kuma su ne za su iya fara tunanin ko ajiya ce mafita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Likitocin fannin kuma sun daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da ke wannan hali, namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Idan rabi ne, to me ya sa a layin asibiti mata kaɗai muke gani?

Mece ce ajiyar maniyyi?

Ba sabon abu ba ne. A 1949 masana a Ingila suka gano cewa sinadarin gilisarol yana kare ƙwayoyin maniyyi daga mutuwa idan an daskarar da su. A 1953, a jihar Ayowa ta Amurka, Jerome Sherman da Raymond Bunge suka samu nasarar shigar ciki na farko ga 'yan Adam da maniyyin da aka daskarar aka kuma narkar. A yau ana zuba shi cikin 'yan siraran bututu, a nutsa a tankin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi komai na cikin ƙwayar yana tsayawa cik, kuma an haifi yara lafiyayyu da maniyyin da ya shekara sama da 20 a ajiye. A 2022 Birtaniya ta tsawaita wa'adin da doka ta yarda a ajiye shi zuwa shekara 55.

Amma abin da aka ajiye ba ya komawa jiki. Ranar da aka buƙace shi, sai dai likita ya narkar ya sanya a mahaifar matar, ko a haɗa shi da ƙwanta a ɗakin gwaji sannan a dasa, wato dashen ciki da ake kira IVF. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978. A Najeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie ne suka fara aikin a asibitin koyarwa na Legas a shekarun 1980, sannan a Fabrairun 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada. Tun 1992 kuma akwai dabarar da aka fara a Beljiyam, ta ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwai, abin da ya buɗe ƙofa ga mazan da ƙwayoyinsu suka yi ƙaranci ƙwarai.

Wa ya kamata ya yi tunaninta?

Akwai mutanen da muke ganin ajiya rahama ce gare su. Na farko shi ne saurayi ko magidancin da aka gano yana da ciwon daji, za a fara masa allurar kashe daji ko gashi. Waɗannan magunguna suna iya kashe masa haihuwa na shekaru, wani lokaci har abada, kuma damar ajiyar tana nan ne kawai kafin a fara. Haka wanda za a yi wa tiyata a maraina, da wanda gwaji ya nuna ƙwayoyinsa suna ta raguwa. Irin waɗannan ya kamata su tambayi likita tun ranar farko, danginsu kuma su sa wannan a lissafi lokacin da ake haɗa kuɗin magani. Yaro ɗan shekara 22 da ya warke daga daji zai so ya yi aure ya ga ɗansa kamar kowa.

Amma lafiyayyen saurayi ɗan shekara 30 da ke tsoron tsufa kawai, ba mu ga dalilin da zai sa ya kwashi kuɗinsa ya kai ba. Raguwar da shekaru ke kawowa tsakanin 30 da 40 ba ta kai wahalar da zai saya wa kansa ba. Wani kaso mai yawa na ƙwayoyin ba ya farfaɗowa bayan narkarwa. Zai biya kuɗin ajiya duk shekara. Cibiyoyin da ke yin aikin suna manyan birane, ga kuɗin mota da masauki. Idan ranar ta zo, dashen ciki miliyoyin naira yake ci, ba a kuma tabbatar da nasara a karo ɗaya. Nauyin allurai da wahalar jiki kuma a kan matar za su sauka, wadda wataƙila lafiyarta ƙalau. Tankin ma amana ce a hannun mutane: a watan Maris 2018, a cibiyoyi biyu a biranen Kilibland da San Faransisko na Amurka, tankuna suka samu matsala, dubban ƙwayaye da 'yan tayin da aka ajiye suka lalace. Duk wanda lalura ta kai shi, ya tambayi yadda ake sa wa kayansa alama, wa ke duba tankin, da abin da za a yi da ajiyar idan ya rasu, kuma a rubuta masa a takarda.

Wannan tambaya ta ƙarshe ta kai mu ga addini. Malaman Musulunci sun daɗe da duba batun. Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ya ba da fatawa a 1980, sannan Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke matsaya a zamanta na birnin Amman a 1986. Abin da suka tsaya a kai shi ne ya halatta idan akwai buƙata, matuƙar maniyyin na mijin ne, ƙwan na matarsa ne, mahaifar ma tata ce. Ba a yarda da shigowar wani na uku ba, don kare nasaba. Malaman Sunna sun kuma shar'anta cewa igiyar aure tana nan lokacin da za a yi amfani da shi: idan mutuwa ta raba ko aure ya ƙare, ajiyar ba ta da sauran amfani. Wanda abin ya shafa ya zauna da malamin da ya yarda da iliminsa kafin ya sa hannu a kowace takarda.

Abin da ke cin mu tun kafin furfura

A nan ne muke so mu daɗe, domin nan ne namu yake. Mu mutanen fadama ne. Tsakanin kogin Hadeja da na Jama'are, daga tafkin Nguru zuwa tafkin Dagona da tsuntsayen Turai ke sauka duk hunturu, rayuwarmu a ruwa take: su, noman shinkafa, wanki, wankan yara. A cikin wannan ruwa mai kwanciya ne katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya take rayuwa. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, ita kuwa katantanwa irin wannan wuri take so.

Dukanmu mun san yaron da ke fitsarin jini. A wasu gidajen ma ana ɗauka alamar balaga ce, wai ya zama namiji. Wannan kuskure ne mai tsada. Tsutsar tana shiga ta fata, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan ba a mafitsara kaɗai yake maƙalewa ba. Yana shiga jakunkunan da ke haɗa ruwan maniyyi da hanyoyin da yake bi, ya kawo kumburi da tabo. Likitoci sun bayyana wannan tun 1911 a Masar. Alamunsa sun haɗa da jini a maniyyi, sauyin kaurinsa ko launinsa, da zafi lokacin saduwa. Idan aka bar shi yana iya rage ingancin maniyyi ko ya toshe hanya, ban da illar da yake yi wa mafitsara da ƙoda. Maganinsa ƙwaya ce mai suna firazikwantal, wadda ake rabawa kyauta a makarantu. Sai dai rabon yara ya fi kamawa, masunci da manomin da ke wuni a ruwa ba kasafai ake tuna su ba, kuma wanda ya sha ya koma ruwan zai iya sake kamuwa.

Bayan tsargiya akwai ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa. Mutum ya sayi kafso biyu a kemis, zafin ya lafa, ya ɗauka ya warke, alhali cutar na can tana toshe masa hanya, ya kuma shafa wa iyalinsa. Akwai hangum idan ya kama baligi ya sauka maraina. Akwai kumburin jijiyoyin maraina, wanda ƙaramar tiyata ke gyarawa. Akwai ciwon suga, da ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da ƙasar Bade har masana suka duƙufa bincike a kai, wanda shi ma yana rage sinadarin mazakuta da yawan maniyyi.

Sai abin da muke jawo wa kanmu. Tiramadol da samari ke sha don ƙarfin aiki yana sauke sinadarin mazakuta. Allurar testostaron da wasu ke yi don gina jiki ko ƙarin kuzari tana sa maraina su daina ƙera maniyyi. Taba tana lalata shi. Maganin feshi da muke damawa da hannu, mu fesa ba takunkumi ba safa, shi ma abin tsoro ne: a 1977 aka gano ma'aikatan wata masana'antar maganin ƙwari a Kalifoniya sun rasa haihuwa saboda sinadarin DBCP, abin da ya kai ga haramta shi a Amurka. Su kuma magungunan maza da ake tallatawa da lasifika a kasuwa, ko sun ƙara kuzari ba sa ƙara ƙwayar haihuwa ko ɗaya. Ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Kusan namiji 1 cikin 100 ba shi da ƙwaya ko guda a maniyyinsa, kuma da yawansu ba su da wata matsala a shimfiɗa.

Gwajin da muke gudu

Ka'idar likitoci ita ce idan ma'aurata sun shekara ɗaya tare babu ciki, su je a duba su biyun. Idan matar ta haura 35, wata shida ya isa. Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha: ba allura, ba tiyata. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da samfur a kwalba mai tsabta, a duba cikin awa ɗaya da madubin likita. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyakar ƙasa, tare da duba motsinsu da siffarsu. Idan sakamako bai yi kyau ba, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, domin zazzaɓin cizon sauro mai zafi kaɗai yana iya rage adadin na tsawon wata biyu zuwa uku. Akan maimaita. Wanda ke kusa ya fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa, likita zai faɗa masa inda za a yi ko ya tura shi gaba. Ya kuma nemi a duba fitsarinsa don tsargiya.

Za a ce mana haihuwa ta Allah ce, kuma Annabi Zakariyya da Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su, sun samu 'ya'ya cikin tsufa. Haka ne, ba mu ja ba. Amma an ba mu labarinsu ne a matsayin aya, abin da ya saɓa wa al'ada. Arziki ma na Allah ne, bai hana mu fita gona da damina ba. Kuma idan da gaske mun yarda haihuwa ta Allah ce, da ba mu saki mace saboda ita ba. Ba daidai ba ne idan abin ya zo kan namiji a ce ƙaddara, idan ya zo kan mace a ce laifi.

Abin da muke kira a yi

Ga magidanta: kafin ka ƙara aure don neman haihuwa, ko ka furta saki, je ka yi gwaji. Idan ka haura 50 kana son ƙarin 'ya'ya, duba suga da hawan jini, ka kuma yi lissafin cewa ɗan da aka haifa maka kana 65 zai gama sakandare kana 83. Wa zai riƙe shi, kuma me ka tanadar masa?

Ga iyayenmu mata da surukai: idan za a kai amarya asibiti, a tafi da ango.

Ga iyayen 'yan mata da masu faɗa a ji: a sassauta lefe da bidi'o'in biki. Saurayin da ya samu damar aure yana 27 ba ya buƙatar tankin Abuja.

Ga ma'aikatan lafiya, malaman makaranta da limamai: a riƙa faɗa a fili cewa fitsarin jini cuta ce mai magani, a kuma nemi hukumomin lafiya su sa masunta da manoman fadama cikin rabon maganin tsargiya. Ma'aikatan ɗakin gwaji su riƙe sirri da kyau, domin a ƙaramin gari tsoron tonon asiri ne ke hana maza da yawa zuwa.

Ga samari: ku bar ƙwaya, ku kula da jikinku a gona da ruwa, kuma duk wanda likita ya ce masa yana da ciwon daji, ya yi tambayar ajiya kafin allurar farko.

Wanda gwaji ya nuna matsalar daga gare shi take, bai ragu da komai ba a mutuncinsa. Da yawa ana magance su, waɗanda ba a iya magancewa ba kuma aƙalla an daina azabtar da baiwar Allah a kan abin da ba nata ba. Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, Ya raya mana waɗanda Ya ba mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.